Shagwaɓa: Yadda Laifin Iyaye Ya Koma Gwanintar Amarya

A Hausar yau ana iya jin ƙorafi iri biyu a gida ɗaya, kuma da kalma ɗaya. Kaka za ta ga jikanta yana birgima a ƙasa don an hana shi alewa, sai ta ce wa uwarsa, "Ke kika shagwaɓa yaron nan." A wani ɗakin kuma ƙawa za ta ja amarya gefe ta ce mata, "Matsalarki ita ce ba ki iya shagwaɓa ba." Ta farko tana kuka da yawan abu, ta biyu tana kuka da rashinsa, kuma dukansu daidai suka faɗa a Hausance. Abin da ya faru shi ne, kalmar da a da take nufin aibin da babba ya jawo wa yaro ta samu ma'ana ta biyu, wadda a bakin matasa ta kusa rinjayar ta farko, wato salon jan hankali da mace ke yi wa mijinta ko saurayinta. Wannan sauyi ya cancanci a tsaya a kansa, domin tare da shi ne wanda ake ɗora wa alhaki ya sauya.

Ginin kalmar kansa yana nuna inda alhakin yake a asali. "Shagwaɓa" aikatau ne mai neman wanda za a yi wa aikin: uwa ta shagwaɓa ɗanta, kaka ta shagwaɓa jikarta. Idan abin ya kama yaron sai a ce ya shagwaɓe, shi kuma a kira shi shagwaɓaɓɓe, mace shagwaɓaɓɓiya, jam'i shagwaɓaɓɓu. Wannan siga ita ce ta dafaffe da wankakke da karyayye, wato sigar abin da aiki ya riga ya faɗa wa. Saboda haka duk wanda ya kira yaro shagwaɓaɓɓe, ko bai ambaci kowa ba, ya riga ya nuna cewa akwai hannun da ya mayar da shi haka. Shi ya sa uwa take jin zafin wannan kalma fiye da yaron da aka jefa da ita, domin ta san da ita ake.

Tsoron shagwaɓa yaro ya ratsa tsarin tarbiyyar Bahaushe ta hanyoyi da yawa, har ma da waɗanda ba a cika danganta su da shi ba. Kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na farko ko yi masa wasa a gaban mutane, tana rage yawan tarairayar da zai samu daga wadda ta fi kowa son sa. Al'adar riƙo tana ɗauke yaro daga gaban iyayensa zuwa gidan gwaggo ko kawu ko baffa, kuma cikin dalilan da ake bayarwa har da cewa ɗa ya fi jin magana a hannun wanda bai haife shi ba. Daga cikin hujjojin masu tura yara karatun allo wani gari akwai cewa yaro ba ya karatu a gaban uwarsa. Ita kuwa yarinya, kullum ana tuna mata cewa gidan wani za ta, inda babu mai ɗauke mata daka da tankaɗe da wanke-wanke. Karin maganar da ta tattara wannan tunani ita ce "ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi", kuma duk wanda ya san Hausa ya san ba ƙiyayya ake nufi ba, ana nufin danne son zuciya don yaron ya iya zama da mutane. A al'ummar da cin abinci ya dogara ga noma da sana'ar hannu, yaron da ba ya jure rana ko faɗa nauyi ne a kan gandu baki ɗaya.

Al'ada ta kuma ware waɗanda ake zargi tun kafin a ga halinsu. Akwai ɗan auta, akwai tilo, akwai ɗan da aka samu bayan dogon jira ko bayan wabi, sannan akwai goyon kaka, wanda sunansa kaɗai ya zama bayanin hali. Tatsuniyoyi sun riƙe wannan sosai. A tatsuniyar Auta, iyaye sun bar wa yayarsa wasiyyar kada ta bari ya yi kuka, shi kuma ya mayar da kukan makami, har ya sa aka ƙona rumbun abincinsu saboda ta kasa hana shi. A tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora, 'yar bora da ta saba da wuya ta bi umarnin duk wanda ta tarar a hanya ta dawo da arziki, ita kuwa 'yar mowa da aka saba yi wa komai ta yi tsiwa ta kwaso wa kanta masifa. Abin lura shi ne, a yawancin yadda ake ba da tatsuniyar Auta, shi ne yake kashe Dodo a ƙarshe. Wannan yana nuna cewa ko a da Bahaushe ya lura yaron da ya tashi da tabbacin ana son sa yakan samu wani irin ƙarfin zuciya, duk da ɓarnar da yake yi.

A nan ya kamata a raba shagwaɓa da gata, domin mutane da yawa suna cakuɗa su. Gata shi ne samun mai tsaya maka, kuma rashinsa ne abin tausayi, shi ya sa "marar gata" take cikin kalmomin da suka fi taɓa zuciya a Hausa. Har yau kalmar tana da mutuncinta: auren da gwamnatin Jihar Kano ta ɗaura wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoba na 2023 ƙarƙashin kulawar Hisba, da sunan "auren gata" aka san shi, kuma babu wanda ya ji sunan a matsayin zagi. Ɗan gata, ɗan lele, shalele da ɗan gaban goshi duk suna nuna matsayin yaro a zuciyar manya. Shagwaɓa kuwa ita ce abin da gata ke haifarwa idan ya wuce kima, kuma tana da 'yan uwa da suka fi ta muni, irin su sangarta da taɓara da sakalci. Sangartaccen yaro ya wuce kuka da turo baki, ya kai ga rashin kunya da raina manya. A cikin wannan dangi shagwaɓa ce mai sauƙin laifi, wadda ake iya faɗa da murmushi idan yaron ƙarami ne, kuma wannan sauƙin ne ya ba ta damar ƙaura zuwa wani fage.

Ƙofar da ta bi ita ce sunan aikin. Ban da "an shagwaɓa shi", Hausa tana cewa "yana shagwaɓa" ko "yana yin shagwaɓa", kuma a nan ana nufin abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji: turo baki, narkar da murya, jan magana, bubbuga ƙafa, kwaɓe fuska, noƙe kafaɗa, da kukan da babu hawaye. Da zarar kalma ta zama sunan waɗannan motsi, to ta rabu da shekarun mai yin su, domin babba ma zai iya yi. Haka kuma ta rabu da hannun da ya jawo su, domin yanzu mai yin abin shi ne mai aikatawa. Daga nan aka samu "ta shagwaɓe fuska", "ta ce cikin shagwaɓa", sannan aka kai ga "ta iya shagwaɓa", wadda ita ce alamar cewa sauyin ya kammala. Bahaushe yana cewa an iya girki, an iya saƙa, an iya magana, wato "iya" tana tafiya ne da abin da ake koyo kuma ake yabon wanda ya ƙware a kai. Ranar da shagwaɓa ta shiga bayan "iya", ta fita daga jerin aibobi ta shiga jerin gwaninta.

Ba yau mata suka fara yi wa mazajensu irin wannan salo ba, kuma amarya ta daɗe tana da wani ɗan lokaci na amarci da ake ɗauke mata aiki ana lallaɓa ta. Abin da yake sabo shi ne fitowar zancen fili da kuma ba shi suna mai daɗi. A nan littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda aka fi sani da adabin kasuwar Kano, sun taka rawa babba. Da yawa daga marubutansu mata ne, masu karatunsu ma galibi mata ne da 'yan mata, kuma ana karanta su a gidajen rediyo, don haka har wadda ba ta iya karatun boko ba tana ji. Marubucin da ke son nuna shaƙuwa tsakanin saurayi da budurwa, alhali kunya da addini sun hana shi kwatanta taɓa jiki, dole ya nemi abin da zai ɗauki nauyin wannan shaƙuwa, sai murya da fuska da ɗan fushin da ake lallashi suka ɗauka. Kalmar da ta riga ta tattara waɗannan duka ita ce shagwaɓa. Finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Arewa suka daɗe suna nunawa tun wajajen shekarun 1960, sun riga sun saba wa mutane da ganin jaruma tana fushin wasa jarumi yana bin ta da waƙa, kuma finafinan Hausa da suka taso daga shekarun 1990 sun ɗauki wannan salo suka sa masa kayan gida.

Wannan adabi bai samu karɓuwa cikin ruwan sanyi ba. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau da shirinsa na A Daidaita Sahu, an ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Duk da haka kalmomin da littattafan suka yaɗa sun riga sun shiga bakin mutane. Wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001 ta mayar da zance ya koma na murya zalla, inda jan harafi da sassauta murya suka zama kusan duk abin da budurwa ke da shi na nuna so. Daga baya rubutun ya koma intanet, a Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda babu mai tacewa, sai amfani da kalmar ya ƙara yawa.

Abin da ya ba sabuwar ma'anar gindin zama, a ganina, shi ne shigarta bakin masu wa'azi da masu koyar da zaman aure. Damuwa da yawan mutuwar aure ta sa aka fara magana a fili kan abin da ke sa miji da mata su ji daɗin juna, kuma masu wannan magana suna da madogara a addini. Aya ta 21 ta Suratur Rum ta ambaci ƙauna da jinƙai a tsakanin ma'aurata. Aya ta 37 ta Suratul Waƙi'a ta siffanta matan Aljanna da "uruban", wadda malaman tafsiri suka fassara da masu nuna so ga mazajensu. Hadisin Jabir ya ambaci wasa tsakanin miji da mata, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Mai son isar da wannan ma'ana da Hausa yana buƙatar kalmar da ba za ta sa dattawa su tashi daga majalisi ba. Kwarkwasa tana ɗauke da ƙamshin rashin kamun kai, kissa da kisisina suna da alaƙa da makirci da rikicin kishiyoyi, yanga da jan aji kuma suna kusa da girman kai. Shagwaɓa kaɗai ce ta zo da tsarkin ƙuruciya a jikinta, domin asalinta halin yaro ne, kuma yaro ba a zarginsa da mugun nufi. Larabci ma ya bi irin wannan hanya, inda tushe ɗaya ya ba da "mudallal", yaron da aka shagwaɓa, da "dalal", salon mace, abin da ke nuna cewa kusancin ma'anonin biyu daga halin ɗan Adam ya taso.

Sai dai sauyin bai shafi kowa daidai ba. Idan aka ce budurwa shagwaɓaɓɓiya ce, a yau ana iya nufin yabo ko suka, sai an duba fuskar mai magana da wanda ake gaya wa: a bakin saurayi yabo ne, a bakin uwar miji kuwa gargaɗi ne. Idan aka ce namiji baligi shagwaɓaɓɓe ne, har yanzu zagi ne tsantsa, ana nufin rago ne wanda ba zai iya riƙe gida ba. Sannan da yake kalmar ta yi laushi, masu son yin suka mai zafi sun koma ga sangartacce da taɓararre, waɗanda ba su taɓa samun ma'ana mai daɗi ba.

Ɓangaren da ya shafi dukiya kuma wasu kalmomi ne suka ɗauke shi. Tsohuwar shagwaɓa ba ta da ruwa da arziki, domin talaka ma yana shagwaɓa autansa da ɗan abin da yake da shi. Amma tun daga yalwar kuɗin man fetur ta shekarun 1970 aka samu yaran birni da suka tashi a unguwannin masu hali, ana kai su makaranta a mota, ba su taɓa ɗebo ruwa a rijiya ko riƙe fartanya ba. Su ne ake kira 'yan hutu, ko a ce ɗan Hajiya ko ɗan Momi. Matasa sun kuma aro "ajebo" daga Kudu, gajeren "ajebota", wadda asalinta Yarbanci ne da ke nufin mai cin bota, kishiyarta kuwa "ajepako", wanda ya tashi cikin wuya. Jami'o'i da barikoki da hidimar ƙasa da aka kafa a 1973 suna cikin wuraren da matasan Arewa da na Kudu ke cuɗanya har irin waɗannan kalmomi su ƙetara. Ita ma ajebo ta fara laushi, domin a lokacin da rayuwa ta yi tsada, wanda ake yi wa ba'a da cewa bai san wahala ba shi ne kuma ake sha'awar matsayinsa, har ana jin mai cewa yana nema ne don 'ya'yansa su zama ajebo. Bambancinta da shagwaɓa shi ne, ajebo tana nuna gidan da mutum ya fito, shagwaɓa kuwa tana nuna yadda aka bi da shi a cikin gidan.

Ina ganin akwai alheri na gaske a cikin sabuwar ma'anar. Al'adar da ta gina kunya mai ƙarfi tsakanin miji da mata, har mace ba ta kiran sunan mijinta, ta bar ma'aurata da ƙarancin kalmomin da za su ambaci taushin da ke tsakaninsu ba tare da jin nauyi ba. Samun kalma mai tsabta da uwa za ta iya faɗa wa 'yarta, malama ta faɗa wa ɗalibanta, ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma tsohon tsoron shagwaɓa yaro ya sha wuce gona da iri, har ya zama hujjar duka da rashin nuna ƙauna, alhali hadisi ya zo cewa lokacin da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzon Allah ya amsa masa da cewa wanda ba ya jinƙai ba za a ji ƙansa ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka juya tsarin abin. A ma'anar farko, gata ne ke zuwa kafin shagwaɓa. Yaro ba ya turo baki sai a gaban wanda ya tabbata zai lallashe shi, shi ya sa maraya da ɗan riƙon da ba a so ba sa shagwaɓa, kuma ko yaron da aka fi lelewa yakan haɗiye kukansa a gaban baƙo. Shagwaɓa shaida ce cewa akwai mai lallashi. Amma a yawancin nasihar da ake yi wa mata yanzu, ana gabatar da ita a matsayin hanyar samo gatan da babu shi: ki yi shagwaɓa mijinki zai so ki, ki narke masa ba zai yi miki kishiya ba. Wannan ya sa keken a gaban doki ne, kuma sakamakonsa shi ne idan aure ya yi tsami sai a ce matar ce ba ta iya ba. Matar da ke tashi da asuba ta haɗa yara makaranta, ta yi girki, ta yi sana'a don cike giɓin cefane, sannan mijinta ya shigo fuska a ɗaure, ba rashin gwaninta ne ya hana ta narkar da murya ba. Ta san babu wanda zai amsa mata ne. Tsohuwar kalmar tana tambayar babba abin da ya yi wa yaro, sabuwar kuwa ta fi tambayar mace abin da ta kasa yi, kuma ba kasafai ake jin an tambayi miji ko ya iya lallashi ba, duk da cewa lallashi shi ne rabin da shagwaɓa ba ta tsayuwa sai da shi.

Akwai kuma ruɗanin da ake jefa yarinya a ciki. Tana ƙarama ana kwaɓarta idan ta turo baki, ana ce mata gidan wani za ta, babu mai ɗaukar mata wannan. Ana saura kwanaki bikinta sai a zaunar da ita a ce mata a gidan wanin nan abin da aka hana ta shi ake so ta yi, amma ga miji kaɗai, kuma kada uwar miji ko dangin miji su gani, domin su har yanzu da tsohuwar ma'anar suke aiki. Ita ce za ta riƙa auna wanda ke ɗakin kafin ta san ko halin da take nunawa ado ne ko aibi, kuma amaren da suke zaune a gidan gandu tare da surukai da faccaloli sun fi kowa sanin wuyar wannan awo.